Hayar Mahaifa: Sunan Wa Za a Rubuta a Takardar Haihuwa?

Bahaushe ya san mahaifiya, ya san uwar goyo. Hayar mahaifa ta zo da sabon lamari: mace ta ɗauki cikin wasu, ta haihu, ta miƙa musu jaririn. To, wace ce uwa a idon doka?

A shekarar 2000 aka haifa wa iyalan Mennesson, 'yan ƙasar Faransa, tagwaye mata a Kalifoniya ta wannan hanya. Kotun can ta amince su ne iyayen. Faransa kuwa, da yake ta haramta hayar mahaifa, ta ƙi amincewa da takardun haihuwar. A 2014 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce an tauye haƙƙin yaran, amma sai a 2019 babbar kotun Faransa ta warware batun, suna dab da cika shekara 19.

A Nijeriya ana yin wannan a wasu asibitocin Legas da Abuja, alhali babu dokar tarayya a kansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta shi tun 1986. Ko an hana ko an bari, jariri bai yi laifin komai ba. Wajibi ne Majalisar Tarayya ta fayyace wa Hukumar Ƙidaya sunan da za ta rubuta.