Fedar Haske Ta Jitar Ƙarfe: Yadda Ake Zaɓenta Da Kula Da Ita

Duk wanda ya taɓa murɗa maɓallin tsohon akwatin rediyo domin ƙara murya ya san irin ƙarce-ƙarcen da kan fito daga lasifika. Ga mai jin labarai wannan ba wata babbar damuwa ba ce, domin sau ɗaya yake murɗawa ya koma ya zauna. Amma akwai makaɗin da ke juya irin wannan maɓalli da ƙafarsa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, watau mai kaɗa jitar ƙarfe. A gare shi ƙarce guda ɗaya ya isa ya ɓata faifan da aka yini ana ɗauka. Wannan matsala ita ce ta haifar da fedar da ke aiki da haske.

Jitar ƙarfe ta samo asali ne daga tsibiran Hawai a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ana danganta ƙirƙiro salon kaɗa ta ga wani mai suna Joseph Kekuku. Kwantar da ita ake yi, makaɗi ya riƙa jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon danna su da yatsu. Daga baya mutanen Amurka suka ɗora ta bisa ƙafafu kamar tebur, suka yi mata fedoji masu sauya muryar tsirkiya. Wannan salo ya bunƙasa bayan Bud Isaacs ya yi amfani da shi a waƙar Webb Pierce mai suna Slowly wadda ta fito a 1954. A Nijeriya kuwa, King Sunny Ade ne ya shigar da ita cikin kiɗan juju a ƙarshen shekarun 1970, kuma ana jin hannun Demola Adepoju a faifan Juju Music na 1982.

Ƙafar hagu da gwiwoyin makaɗi su ke lura da sauya muryar tsirkiya. Ƙafar dama kuwa tana kan feda guda ɗaya, wadda ke ƙara amo ko rage shi. Amfaninta shi ne, da an kaɗa tsirkiya sai amonta ya soma mutuwa, to sai makaɗi ya riƙa danna feda sannu a hankali yana cike abin da ya ragu, har a ji kamar an ja goge. Saboda haka gwanaye ba su taka ta har ƙasa tun da farko. Sukan bar sarari domin lokacin bukata.

Fedar gargajiya tana da maɓalli irin na rediyo a cikinta, galibi mai ƙarfin om 500,000, da wata igiya da ke juya shi. A cikin maɓallin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gugar zoben gawayi. Yau da gobe zoben kan cinye, ƙura ta shiga, ƙarce-ƙarce ya soma. Igiyar ma takan saki ko ta tsinke. Makaɗa da yawa sun yi kukan cewa tun da aka daina yin maɓallan Allen-Bradley da suka saba da su, waɗanda suka maye gurbinsu ba su da irin wannan ƙarko.

Fedar haske ta kawar da gugar nan gaba ɗaya. A irin ta dā, akwai ƙaramin ƙwan lantarki a gefe guda, a ɗaya gefen kuma akwai wani ɗan ido da aka yi da sinadarin kadmiyam. Cikin duhu idon yakan tare hanyar lantarki, da haske ya same shi sai ya buɗe ta gwargwadon yawan hasken. Tsakaninsu akwai wani ɗan labule da ke motsi tare da feda, yana rage haske ko ƙara shi. Tun da babu abin da ke gugar wani a hanyar sauti, babu inda ƙarce zai fito. Kamfanin Morley, wanda 'yan'uwa biyu Raymond da Marvin Lubow suka kafa a Los Angeles, ya yi suna da wannan dabara a shekarun 1970. Kamfanin Goodrich ya yi iri biyun, mai maɓalli da mai haske. Fedar Hilton kuwa, wadda Keith Hilton na jihar Missouri ya ƙera, tana aiki ne da hasken infared wanda idon ɗan Adam ba ya gani.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Feda mai maɓalli ba ta bukatar wuta, mai haske kuwa ba ta aiki sai da ita. Idan adafta ta mutu ko wani ya yi tuntuɓe da waya, jita takan yi tsit a tsakiyar waƙa. Lalle ne mai saye ya tambayi kansa wanne daga cikin lahanin biyu zai iya jurewa.

Abin dubawa na farko shi ne irin hasken. Ƙwai mai zare yana zafi, kuma yakan ƙone ba tare da sanarwa ba. Fitilar zamani ta LED ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne yadda amo ke hauhawa. A zauna a gaban jita a taka feda daga sama har ƙasa, a saurara ko amon yana tashi daidai wa daida ko kuwa zabura yake yi a wuri guda. Idon kadmiyam yana da ɗan jinkiri wajen amsa haske, musamman in ana rage amo, kuma mai saurin ƙafa zai lura da haka. Na uku shi ne muryar jitar kanta. Feda mai maɓalli takan ɗan dushe siririyar murya idan tana tsaka-tsaki, alhali yawancin fedojin haske na zamani suna fitar da ita tas. Akwai masu son wannan, akwai kuma waɗanda suka fi son taushin da suka saba ji a tsofaffin fayafayan Nashbil. Na huɗu shi ne tsayin fedar, domin mai dogayen ƙafafu yana bukatar gajeriya don kada gwiwarsa ta bugi cikin jita. Na ƙarshe shi ne wuta: lantarkin Amurka bolt 120 ne, na Nijeriya da Ingila 230, saboda haka a karanta abin da ke jikin adafta kafin a sa ta a soket.

Game da kulawa kuwa, babban abokin gabar wannan feda shi ne ƙura. In ta lulluɓe ido ko fitila, amo yakan ragu ko ya riƙa hawa a karkace. A share ta da busasshen burushi mai laushi bayan an cire wuta, kada kuma a fesa man tsabtace maɓalli a ciki, domin ƙura yake kamawa. Giris kaɗan a kan ƙusar da feda ke juyawa a kai ya wadatar. Haka kuma a tabbata murfin ƙasa yana rufe ruf, domin hasken rana ko na fitilun dandali in ya kutsa ciki, tsohuwar feda ba za ta kashe amo sarai ba. Zafi mai tsanani yana sauya halin idon kadmiyam, don haka ba a barin feda cikin rufaffiyar mota da rana.

Har wa yau, kada a ari adaftar wata na'ura don kurum bakinta ya shiga. In ƙarfin wutar ko jerin wayoyinta ya saɓa, kayan cikin feda na iya ƙonewa nan take. Mai feda mai ƙwai ya ajiye safaya mai lamba iri ɗaya, domin ƙwan da ya fi haske ko ya gaza zai sauya hawan amon da ƙafa ta saba da shi. Idan kuma aka ji ƙarce daga fedar haske, a soma binciken waya da ramukan da take shiga, domin galibi a nan laifin yake.

Saboda duk waɗannan dalilai, makaɗa da yawa da suka koma ga fedar haske ba su yar da tsohuwar ba. Sukan sa ta cikin jaka tare da adafta ta biyu, domin ranar da wuta ta ƙi, a sauya cikin minti ɗaya kiɗa ya ci gaba.