Ɗaya Tamkar da Dubu: Wasannin Takobi a Shagunan Gem na Kongo

Duk wanda ya ratsa unguwar Kongo ta Zariya da la'asar sakaliya, daga ƙofar jami'a ya nufi cikin Tudun Wada, da wuya bai ji ƙugin janareto na fitowa daga wani ɗan shago mai labule ba. Leƙa ciki ka gani: benci biyu, talabijin uku ko huɗu jere da bango, yara da samari sun yi cirko-cirko, kowa na jiran a miƙo masa fad, wato abin sarrafa wasan. Akasarinsu ƙwallo suke bugawa, wanda aka ci shi ke biya. Amma can a lungu ba a rasa wani yaro shi kaɗai, ya ƙura wa allo ido, yatsunsa na rawa, a gabansa wani ƙaton barde na kirɓar dodanni kamar mai sussukar gero. Iyaye da dama iyakar saninsu shi ne yaro ya tafi gem. Abin da yake bugawa, da waɗanda suka ƙera shi, da abin da suke nema a aljihunsa, duk a duhu suke. Shi ya sa na ga ya dace mu ɗaga labulen nan.

Wane irin wasa ne?

Wasannin bidiyo gida-gida ne. Akwai na ƙwallo, da na tseren mota, da na harbi, da na faɗan mutum biyu irin su Mortal Kombat. Gidan da muke magana a kansa, sunan da Turawa suka raɗa masa ma'anarsa sara da suka. Na san kunnen ɗan Arewa ba ya ƙaunar wannan suna, don nan take zai tuna da 'yan sara-suka da suka addabi unguwanni a Bauchi da Jos da Kaduna. A duniyar gem dai abin nufi shi ne wasan da jaruminka ke riƙe da makamin hannu, takobi ko mashi ko gatari, yana kutsawa cikin abokan gaba gaba da gaba, ba harbi daga nesa ba.

Wanda yaranmu suka fi sani a wannan gida shi ne God of War, wanda wani reshen kamfanin Sony da ke Amurka ya fitar a 2005 a kan PlayStation 2. Jaruminsa Kratos, mai ƙwal kwabo da jan zane a jiki, ya shiga bakin yara har wasu na yi wa junansu laƙabi da shi. Da wayoyin Android suka yawaita, sai manhajar PPSSPP ta kawo wasannin Kratos cikin aljihu, yaro na iya bugawa a ɗaki ba tare da ya taka shago ba.

Sai dai reshen da ya fi ba da mamaki daga Japan ya fito. A 1997 kamfanin Koei ya fitar da Dynasty Warriors, wanda a farko faɗan mutum biyu ne kawai. A 2000 aka sake masa fasali a kan PlayStation 2: maimakon abokin karawa ɗaya, sai aka zuba maka runduna guda. An ɗauko labarin daga wani tsohon littafin Sin na ƙarni na 14 mai ba da tarihin dauloli uku, Wei da Shu da Wu, da suka yi ta gwabzawa a ƙarni na 3. Japanawa na kiran irin wannan wasa musou, wato wanda ba shi da na biyu. Bahaushe ya riga ya tanadar masa kirari tun kafin a ƙirƙiro lantarki: ɗaya tamkar da dubu.

Yadda ake buga shi ba wuya. A fad ɗin PlayStation, maɓalli mai alamar akwati shi ne sara mai sauƙi, mai kusurwa uku kuma sara mai nauyi. Yadda ka jera su haka salon saran ke canzawa. Kana sara wani ma'auni na cika, in ya cika ka danna mai da'ira, jarumin ya yi wata irin juyawa da za ta share duk wanda ke kusa. A gefen allo ana ƙirga maka waɗanda ka kayar, kuma ba abin mamaki ba ne a tashi fage ɗaya da dubu da 'yan kai. Amma wanda ya tsaya sara kawai zai sha kashi, domin akwai taswira a kusurwa mai nuna sansanonin da aka kewaye da kwamandan da ke neman ɗauki. Dole ka zaɓi inda za ka fara kai gudummawa. A ƙarshe sai babban abokin gaba ya fito, wanda yara ke kira bos, kalmar da suka gada daga kallon finafinan Indiya da na Cana. A Dynasty Warriors babu bos irin Lu Bu mai jan doki, wanda sabon shiga in ya hango shi gara ya ari ta kare.

Gamin gambiza

Da kamfanin Koei ya ga dabarar ta karɓu, sai ya fara haɗa abin da bai taɓa haɗuwa ba. A 2007 ya fitar da Warriors Orochi, inda wani sarkin macizai ya cakuɗa zamani da zamani, mayaƙan Sin na ƙarni na 3 suka tsinci kansu fage ɗaya da samurai na Japan na ƙarni na 16. Daga nan ƙofa ta buɗe. Koei, wanda ya haɗe da Tecmo a 2009, ya shiga ƙulla yarjejeniya da masu shahararrun labaran almara, yana ɗora jarumansu a kan wannan salon faɗa. One Piece, labarin 'yan fashin teku da Eiichiro Oda ya soma zanawa a 1997, ya sami nasa a 2012. A 2014 aka yi Hyrule Warriors da jaruman Zelda na kamfanin Nintendo, wasan da ya samo asali tun 1986. A cikinsa wata matsafiya ce ta buɗe ƙofofin zamani, sai Link da gimbiya Zelda suka haɗu da jaruman da a da kowa wasansa daban. Dragon Quest Heroes ya biyo baya a 2015, da dodanninsa masu ban dariya na zanen Akira Toriyama, wanda yaranmu suka sani ta Dragon Ball. Fire Emblem Warriors kuma ya zo a 2017.

Turawan Yamma ma ba a bar su a baya ba. Lokacin da finafinan Lord of the Rings ke tashe, kamfanin EA ya fitar da wasanninsu na takobi a 2002 da 2003, daga labarin da Tolkien ya wallafa tun 1954.

Me ya sa kamfanoni ke son wannan haɗi? Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙirƙiro sabon jarumi har mutane su so shi aiki ne na shekaru, kuma ana iya yin asara. Amma wanda ya tashi da Zelda tun yana firamare ba ya buƙatar dogon talla. Ga shi kuma injin wasan a shirye yake, kamar tela mai ma'auni ɗaya da yadi kawai yake canzawa. Shaida ita ce Hyrule Warriors: Age of Calamity, wanda ya fito a Nuwamban 2020, kamfanin ya sanar da fitar kwafi miliyan 3 cikin kwana huɗu. Bayan ka saya kuma ba a rabu da kai ba, ana ta fito da ƙarin jarumai da makamai da tufafi, kowanne da kuɗinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A nan wajenmu na'urorin Nintendo ba su yawaita ba, PlayStation da waya su ke da kasuwa. Don haka yaron Kongo ya fi kusa da Kratos da Luffy na One Piece fiye da Link. Amma tarkon iri ɗaya ne: labarin da zuciya ta riga ta kamu da shi, a miƙa maka takobi a ce shiga ciki.

Abin da ya kamata iyaye su sani

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Amurka akwai hukumar ESRB da aka kafa a 1994, bayan ce-ce-ku-cen da jinin Mortal Kombat ya tayar. Tana sa harafi a bangon wasa: E na kowa, T daga shekara 13, M daga 17. A Turai kuma tun 2003 tsarin PEGI ke sa lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Hyrule Warriors lamba 12 gare shi, dodanninsa in an sare su ɓacewa suke yi. God of War kuwa 18 ne, domin akwai jini male-male, akwai tsiraici a na farkon, wanda labarinsa kacokan a kan gumakan Girkawa ya ginu. Matsalarmu ita ce wasannin nan ba da kwalinsu suke iso mana ba. A kan memori ake tura su ko a sauke daga intanet, don haka lambar ta ɓace a hanya, ɗan shekara tara na buga abin da aka yi wa baligi. Maganin ba wuya: tambayi yaro sunan wasan, ka rubuta a waya tare da kalmar PEGI, lambar za ta fito.

Ko wasan na mai da yaro ɗan daba? Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar da za a jingina musu aikata ta'addanci. Daba a garuruwanmu ta girmi PlayStation, kuma zaman banza da ƙwaya da 'yan siyasa masu raba kuɗi sun fi fad hannu a cikinta. Ɓarnar da aka fi gani da ido ita ce ta lokaci da aljihu: kuɗin tara da ke ƙarewa a shago, Islamiyya da ake yi wa fashi, magariba da ke wucewa ana neman kayar da bos, ɗalibin da ya kwana yana sara alhali da safe yana da jarrabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, amma da sharaɗi: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar, galibi har tsawon wata 12. Yaron da ke buga awa ɗaya ranar Asabar bai shiga wannan layi ba. Ƙayyade lokaci da zaɓen wasa sun fi bulala amfani, don wanda aka hana a gida zai je inda ba mai ganinsa.

Kura a rumbunmu

Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Yaron nan da ke lungu ya san Sparta, garin Kratos, ya san sunayen makamansa, alhali tafiya kaɗan ce tsakaninsa da ganuwar Zazzau. A Zariyar nan aka shirya gasar rubutun 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Wanda ya karanta shi ya san gamin gambiza ba baƙonmu ba ne: jarumin ya fara da yaƙar Turawan mulkin mallaka, abin da ya faru a tarihi, sannan ya zarce ƙasashen aljannu. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka yi ta karantawa a makarantu, asalinsa wani gwarzon almarar Rasha ne aka naɗa wa rawani. Daga baya marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka cika kasuwa da littattafan yaƙi, sadauki ɗaya na tarwatsa runduna. Ashe ɗanɗanon da ke kai yaro shagon gem shi ne ya sa iyayensa hayar littafi.

Wasu ma sun riga mu gani. A Fabrairun 2025 kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar da Civilization VII, wasan dabarun mulki, kuma cikin shugabannin da ake zaɓa akwai Sarauniya Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku. Mutumin Brazil ko Koriya na iya jan rundunarta a kwamfutarsa, mu kuwa da muke wucewa ta Ƙofar Doka kullum sai dai mu saya a hannunsu.

Kayan aikin kuwa ga su jibge. Ga Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, ga Kanta na Kabi da birninsa Surame, ga Bawa Jangwarzo na Gobir, ga Barbushe a kan Dala. Ga 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan baka, waɗanda har gobe ake ganin kwatancinsu a hawan sallah. Ga Dodo, ga Gizo da makircinsa. Ba mafarki ba ne, domin a Yawunde ta Kamaru wasu matasa ƙarƙashin Olivier Madiba sun kafa Kiro'o Games, suka fitar da wasan faɗa mai suna Aurion a 2016 duk da matsalar wuta irin tamu. Manhajar ƙera wasa irin Godot kyauta ce. A harabar jami'a ta Samaru akwai masu karatun kwamfuta da na zane da na harsunan Afirka. A Kongo kuma akwai masu karatun lauya da na kasuwanci, waɗanda ya kamata su san cewa dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta tanadi kariya ga tatsuniyoyi da al'adun gargajiya, kuma duk wannan harka ta gamin gambiza a kan takardar yarjejeniya take tsaye.

Sai dai a yi hattara. Sarakunan nan suna da jikoki a raye, garuruwan da suka ci da yaƙi ma suna da nasu, kuma malamai da waliyyai ba abin sakawa a wasa ba ne. Wanda ya tashi a cikinmu shi ya san inda zai taka da inda zai tsallake, abin da baƙo ba zai sani ba komai ƙwarewarsa.

Saboda haka in ɗanka ya dawo daga shago, kafin faɗa, zaunar da shi ya ba ka labarin jaruminsa, daga ina ya fito, wa yake yaƙa, don me. Za ka sha mamakin yadda ya haddace. In ya gama, sai kai ma ka ba shi na Ganɗoki, ka tambaye shi da wane makami zai shigar da shi fage, kuma wa zai zama bos.