Gawo: Takin Da Ba A Saye Da Kuɗi

Wajen shekarar 1983 manoman Maraɗi, maƙwabtan Katsina, suka fara wata dabara ta raya gona. Maimakon su tumɓuke kututturan itatuwa, sai su bar toho kaɗan masu ƙarfi, su sassabe sauran. Da yake saiwar tana da rai, tohon kan riga dashe girma.

Gawo ya fi amfani cikin waɗannan itatuwa. Yakan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Bakteriyar da ke saiwarsa kuma tana mai da naitirojin na iska abincin shuka.

Da wannan dabara Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Manomin Jibiya ko Daura ma zai iya, domin adda da haƙuri kawai take bukata.