Dare ya zama rana: bashin barci da ƴan kasuwa ke biya a bakin rumfa

Magabata sun ce dare mahutar bawa. To amma duk wanda ya zaga unguwannin Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai da ƙarfe 12 na dare a cikin watan Afirilu, zai tarar bawan bai kwanta ba. Injin niƙa na ruri, tela na bisa keke, samari sun kewaye butar shayi a fada, a tsakar gida kuwa an fito da akwatin talabijin an ɗora bisa tebur, uwar gida da yara sun zuba masa ido. Waɗannan mutanen dai su ne za ka gani gobe da sassafe a kasuwa, ido ja, ana hamma ana ciniki. Mu ƴan kasuwa mun iya lissafin kowane irin bashi, na kaya da na adashe, amma akwai bashi guda wanda ba mu rubuta shi a littafi, shi ne bashin barci, alhali kuwa kullum sai mun biya wani abu daga cikinsa.

Mu ɗauki misalin mai tuyar ƙosai ko masa. Tun da marece take jiƙa wake ko shinkafa, ta surfa, ta aika niƙa. Kafin kiran sallar asuba ta riga ta tashi, wajen ƙarfe 4, domin ta buga ƙullu, ta hura wuta, ta ɗora kasko, saboda masu fitowa daga masallaci da ƴan makaranta su ne kasuwarta. In ta makara da rabin awa, maƙwabciyarta ta kwashe su. In wannan baiwar Allah ta kwanta da ƙarfe 12, barcinta awa 4 ke nan. Likitoci kuwa sun ce babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa sama a kowane dare. Ke nan ana bin ta awa 3 kowace rana, awa 21 a mako, kusan kwana ɗaya cur. Haka abin yake ga mahauci da ke sammakon zuwa mayanka, da mai burodi, da mai shayi na bakin tasha, da matan da ke tarbar motocin kayan miya kafin gari ya waye.

Me ya hana ta kwanciya tun ƙarfe 9? Amsa ta farko ita ce zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40 a garuruwanmu, kuma ɗakin bulo mai rufin kwano yini yake yi yana shan rana, sai dare ya yi ya riƙa amayar da ita. Jikin ɗan Adam sai ya ɗan huce kafin barci mai nauyi ya ɗauke shi, shi ya sa mutum zai yi ta juyi bisa katifa har ƙarfe 2 ido biyu. Kakanninmu da ke kwana cikin soron ƙasa sun fi mu morewa ta wannan fanni. Mu mun yi gini na zamani, muka mai da barcinmu hannun fanka, fanka kuma tana hannun wuta.

Nan ne zancen wutar lantarki ya shigo. Shekara da shekaru kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nigelec ke rabawa daga Nijeriya take zuwa: layi ɗaya ya taso daga Birnin Kabi ya biyo ta Doso zuwa Yamai, ɗaya kuma daga Katsina zuwa Gazawa, wanda shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage takunkumin. A wancan lokaci mutane da yawa suka koyi wata ɗabi'a da har yanzu ba ta sake su ba: in wuta ta zo, ko ƙarfe nawa ne, a tashi a yi aiki. Mai ƙanƙara da mai lemun zoɓo su duba firigo, mai niƙa ya ta da inji, mai walda ya ɗauko ƙarfensa, kowa ya laluba salularsa ya sa caji. Wanda ke da halin sayen injin wuta ko faifan hasken rana ya huta da wannan. Ƙaramar ƴar kasuwa mai jarin jaka 20 ba ta da zaɓi, agogonta shi ne ƙwan lantarkin da ta bari a kunne don ya tashe ta.

Mutanen Damagaram suna da ƙari a kan wannan. Garin bisa dutse yake zaune, daga nesa ake jawo masa ruwa, kuma a lokacin zafi akwai unguwannin da famfo ba ya kawowa sai tsakar dare. Wa ke zaman jiran sa da jarka da bokiti? Mata da ƴan mata.

Fatake su ma ba su tsira ba. Daga Yamai zuwa Maraɗi tafiyar sama da kilomita 600 ce, zuwa Damagaram kuwa kusan 900, don haka manyan motocin fasinja tun kafin asuba suke tashi. Wanda zai bi su sai ya kasance a tasha da ƙarfe 3 ko 4, wasu ma can suke kwana bisa tabarma suna gadin kaya. Ɗan kasuwar da ke wannan zirga-zirga sau biyu a mako, jikinsa ba ya ƙara sanin yaushe ne dare.

Duk waɗannan dole ce ta sa, ba mu da ta cewa. Amma akwai wani ɓangare na daren da mu da kanmu muke bayarwa kyauta, kuma a nan ne muke son mu ɗan daɗe.

Dattawan cikinmu suna tune da lokacin da tashar talabijin ɗaya ce tak a ƙasar nan. An fara da talabijin ta makarantu a 1964, daga baya Télé Sahel ta zo a ƙarshen shekarun 1970. Da marece take buɗewa, a ga labarai, a ga wasan kwaikwayo, dare na yi ta rufe, kowa ya naɗe tabarmarsa. Wato akwatin ne da kansa yake korar mutane zuwa shimfiɗa. Ténéré ta fara nuna hoto a 2000, Dounia ta biyo a 2007, wasu suka bi sahu. Faifan bidiyo na finafinan Kano, waɗanda muke kira dandalin soyayya, suka cika kasuwa. Sannan tauraron ɗan Adam ya shigo kusan kowane gida: Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da ire-irensa, ga finafinan Indiya da aka juya da Hausa, ga na Turkiyya. Yau babu sa'ar da akwatin ke cewa sai da safe. In ma an kashe shi, salula na ƙarƙashin matashin kai, da fim cike da katin ajiya wanda aka tura maka a bakin kasuwa da dala ashirin.

Kuma kada mu raina wayon masu shirya waɗannan finafinai. Sana'arsu ce, kamar yadda tamu take jawo mai saye. Ba su yanke kashi sai daidai inda rai ya rataya: an buɗe ƙofa ba a nuna wanda ya shigo ba, an miƙa takardar saki ba a karanta ba. Sai Hajiya ta ce bari in ga guda ɗaya kawai in kwanta, kafin ta ankara zakara ya yi cara.

Ba mu ga laifin mai son kallo ba. Matar da ta yini tsaye cikin rana da hayaƙi, ta dawo ta yi tuwo, ta yi wa yara wanka, ta wanke kwanoni, ba ta da wani lokaci nata na kanta sai wannan na bayan ƙarfe 10. In ka ce ta bar shi, ka raba ta da ɗan abin da ke sa ta dariya a yini. Matsalar ita ce lokacin nan daga barcinta take yanko shi, tun da babu wanda zai rage mata aikin rana.

Maza kuma kada su yi dariya, nasu ya fi. Wasannin ƙwallon zakarun Turai da ƙarfe 9 na dare agogonmu ake fara manyansu a lokacin sanyi, da ƙarfe 8 in Turawa sun canza agogonsu a ƙarshen Maris. In an tashi da ƙarfe 11 ba gida za a nufa ba, sai a koma fada a yi gardamar wanda ya ɓarar da ƙwallo, ana dafa shayi na fari, na biyu, na uku. Ganyen shayin nan, da goro, da Nescafé, duka suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan cikin jini bai fita ba. Wanda ya sha na fari mai ɗaci da ƙarfe 10, har ƙarfe 3 na dare yana tare da shi. Hasken akwati da na salula su ma suna jinkirta sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi don jiki ya san lokacin kwanciya ya zo.

To ina ake biyan bashin? A rumfa. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wadda ta tashi ƙarfe 4 na asuba, da ƙarfe 9 na dare ta cika wannan adadi. Ga wanda sana'arsa lissafi ce da ka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ba ka jaka 2 ka mai da canjin jaka 5. Ka ba da kaya bashi ka manta ba ka rubuta ba. Ka auna tiya 9 ka ƙirga 10. Mai saye ya taya, maimakon ka ce albarka da fara'a sai ka hau shi da faɗa, ya wuce rumfar gaba bai ƙara dawowa ba. Babu mai cewa rashin barci ne, sai a ce yau kasuwa ba ta yi ba. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Ga mai tuya da ke gyangyaɗi gaban tafasasshen mai, ko ɗan kabu-kabu, ko direban da ya ɗauko albasa daga Galmi cikin dare, abin ya wuce kuɗi. Likitoci kuma sun daɗe suna danganta ƙarancin barci na shekara da shekaru da hawan jini da ciwon suga, cututtukan da maganinsu na wata-wata ke cinye riba.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne maganin da wasu ke nema. In goro da shayi sun daina aiki, sai a koma ga ƙwayar tramol ta hannun masu tallar magani. Ƙwayar nan ba ta biyan bashin barci, ɓoye gajiya kawai take yi, kuma tana kama mutum har ya kasa aiki sai da ita. Wanda ya yawaita ta tana iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

A da ƙailula ce ke cike giɓin. Bayan azahar gari ya yi tsit, mai rumfa ya ja buhu ya rufe kaya ya miƙe bisa benci. Yanzu wannan ɗan lokacin shi ne na aike-aike: a je a aika wa mai kaya kuɗi, a bi layi a biya kuɗin wuta da na ruwa, a leƙa ma'aikatar magajin gari kan zancen patanti, a kai yaro likita, a tsaya gaisuwar mutuwa ko barkar suna, don wanda bai je na mutane ba, ba za a zo nasa ba. Alhali minti 20 zuwa 30 na barcin rana sun isa su wartsakar da mutum, in dai bai zarce har la'asar ba, wanda shi kuma sai ya hana na dare. Matan da ke rumfa kusa da juna suna iya yin karɓa-karɓa, wannan ta tsare kayan waccan na rabin awa, gobe a juya. Aike-aiken kuma in an tara su rana ɗaya a mako, sun fi a riƙa tsinka kowace rana da su.

Game da akwati, yawancin tashoshi suna maimaita shirye-shiryensu da rana ko a ƙarshen mako, fim ɗin da ke cikin salula kuwa ba ya gudu. Gidan da ya tsai da cewa ƙarfe 10 a kashe, a kai salula caji nesa da shimfiɗa, shayi mai ƙarfi ya tsaya daga la'asar, ya ƙwato awa 2 ba tare da ya kashe ko dala ba. Mai gida ne ya kamata ya fara, domin ba ya yiwuwa ya dawo daga fada da ƙarfe 1 ya buga ƙofa, ya ce a ɗumama masa tuwo, ga matar da za ta tashi ƙarfe 4. Haka nan a tuna da ƴan matan da ke zaune gaban akwatin tare da iyayensu: su ne za a tasa da asuba su kai niƙa, su ɗauki tallar safe, sannan ƙarfe 8 ta same su a aji gaban malam.