Zuriyar Jirgin Fokker F28 da Aikin da Ta Yi a Nijeriya



Gabatarwa

Maganar da za mu yi yau ta shafi wani jirgin sama ne mai suna Fokker F28, da ire-irensa, da aikin da ya yi a wannan ƙasa. Mutanen Daura ba su bukatar a fassara musu ma'anar zuriya, tun da daga nan tarihin Hausa Bakwai ya faro. To, su ma jirage zuriya gare su. Kamfani yakan ƙera na farko, in ya karɓu sai a ƙara masa tsawo, ko a faɗaɗa fiffike, ko a sake inji, har a sami dangi guda masu kama da juna, amma kowa da aikinsa. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan jirgi an ƙera shi domin ƙananan garuruwa irin namu, kuma tarihinsa a nan ya tabbatar da cewa nagartar jirgi ba ta wuce nagartar hukumar da ke riƙe da shi.

Asalin jirgin

Kamfanin Fokker na ƙasar Holan ne, an kuwa sa masa sunan wanda ya kafa shi, Anthony Fokker. A shekarar 1955 ya fito da wani jirgi mai farfela biyu, F27, wanda ya yi wa laƙabi da Friendship, watau abota. Kamfanin jiragen Nijeriya, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya yi aiki da shi tun cikin shekarun 1960. Da injin jet ya yawaita, sai Fokker ya yi shawarar ƙera wanda zai yi saurin manyan jirage, amma ya sauka inda mai farfela ke sauka. Shi ne F28, mai laƙabin Fellowship, watau zumunci. Ya yi tashin farko ran 9 ga Mayu 1967, ya fara ɗaukar fasinja a 1969. Ba Holan kaɗai ta yi aikinsa ba: fukafukai daga Belfast aka kawo su, wani sashe na jikinsa daga Jamus, injuna daga kamfanin Rolls-Royce na Ingila, sa'an nan a harhaɗa a Amsterdam.

Duk wanda ya dubi siffarsa zai gane wa aka yi wa shi. Injunansa biyu a can baya aka liƙa su kusa da wutsiya, nesa da ƙasa, don kada su zuƙi tsakuwa a filin da ba a gyara sosai ba. Ƙofarsa in an buɗe ita ce matakala, saboda haka ba ya jiran a turo masa tsani. Ƙarshen wutsiyarsa kuma yakan buɗe gida biyu ya tare iska, shi ne birkinsa na sama, wanda ke ba shi damar saukowa da hanzari ya tsaya a gajeren titi. Gudunsa ya haura kilomita 800 a sa'a, alhali F27 bai cika 500 ba.

Ire-irensa

Na fari shi ne mai lamba 1000, mai ɗaukar mutum 65. Da kamfanoni suka nemi ƙarin kujeru, sai aka ƙara wa jikinsa tsawon mita biyu da 'yan kai, aka sami mai lamba 2000, mai ɗaukar mutum 79. Ya fara tashi a 1971, kuma Nigeria Airways ne kamfanin da ya fara karɓarsa a duniya, a 1972. Guda goma kacal aka ƙera. Dalili kuwa, an ƙara jiki ba a ƙara fiffike ba, don haka nauyi ya ƙaru, nisan zangonsa ya ragu.

Gyaran wannan shi ya kawo sauran. An gwada masu lamba 5000 da 6000, waɗanda aka tsara da wani ƙarin baki mai motsi a gaban fiffike. Na 5000 a takarda ya tsaya, na 6000 kuwa biyu aka yi. Waɗanda suka karɓu su ne 3000 da 4000. Dukansu an faɗaɗa musu fiffike. Na 3000 ya riƙe gajeren jiki ya sami dogon zango, na 4000 ya ɗauki dogon jiki da kujeru har 85, ya fara aiki a 1976. Lokacin da aka daina ƙera F28 a 1987, an yi guda 241. Kamfanin Garuda na Indunusiya, ƙasa mai tsibirai barkatai, shi ya fi kowa yawansu. A maƙwabtanmu kuma Ghana Airways ya yi aiki da shi.

Daga nan sai 'ya'ya. Fokker 100, mai ɗaukar mutum ɗari da 'yan kai, da sababbin injuna masu sauƙin ƙara da shan mai, ya tashi a 1986. Ƙanensa Fokker 70 ya biyo a 1993. Amma kuɗin da aka kashe wajen tsara sababbin jirage ya yi wa kamfanin nauyi, ga gasar manyan kamfanoni, har ya karye a watan Maris 1996. Daga ranar zuriyar ta zama marainiya: akwai masu sayar da kayan gyara, amma babu sabon haihuwa.

Aikinsa a Nijeriya

F28 ya zo daidai da zamanin da aka ƙirƙiro jihohi, 12 a 1967, 19 a 1976, ga kuɗin man fetur. Kowace hedkwatar jiha tana bukatar hanyar zuwa Ikko da kuma zuwa 'yan'uwanta. Wannan jirgi shi ya dace da aikin, domin yakan yi zango-zango kamar motar haya, ya sauka a wannan gari ya ɗiba, ya sauke a wancan. Ma'aikacin da ya fito daga Daura, in ya bi ta Kazaure ya isa Kano, ya gama mai wuyar.

Sai dai tarihin bai rasa baƙin ciki ba. Ran 1 ga Maris 1978, wani F28 mai lamba 1000 na Nigeria Airways yana shirin sauka a Kano, ya yi karo da jirgin koyon yaƙi na sojan sama, ƙirar MiG-21. Mutum 18 suka rasu, 16 a jirgin fasinja, 2 a na soja. Ran 28 ga Nuwamba 1983 kuma, wani mai lamba 2000 ya faɗi kafin ya kai titin sauka a Inugu, cikin yanayin da ba a gani sosai, mutum 53 suka rasu. Allah ya ji ƙansu.

A lura da wani abu. A ƙasashen sanyi, raunin da aka sani ga F28 shi ne ƙanƙara, domin fiffikensa ba shi da wancan baki mai motsi, kuma ƙanƙara kaɗan in ta daskare a kansa sai ta hana shi ɗagawa. Abin da ya kayar da shi ke nan a Dryden ta Kanada a 1989, da Niyok ta Amurka a 1992. Mu ba mu da ƙanƙara. Haɗurranmu biyu sun shafi tsara zirga-zirgar jirage a fili guda, da kuma sauka cikin rashin gani, abin da duk wanda ya san hazon hunturu zai fahimta. Waɗannan kuwa al'amura ne na horo da na'urori da bin doka, watau aikin mutane ne a ƙasa da cikin jirgi.

Shi kansa Nigeria Airways cutar gudanarwa ta kama shi. Daga 1979 zuwa 1981 an ba kamfanin KLM na Holan riƙonsa don ya gyara. Cikin shekarun 1980 aka sallami jiragen F28, Boeing 737 ya gaje su. Bashi ya yi ta taruwa, jirage suna raguwa, har aka rushe kamfanin a 2003. 'Yan kasuwa suka cike gurbin da jiragen da aka riga aka yi aiki da su a waje. Kamfanin IRS, na mutanen Kano, ya yi aiki da Fokker 100. Ɗaya daga cikinsu, a watan Mayu 2014, yana dawowa Kano daga gyara a Turai, ba fasinja a ciki, ya yi saukar dole a daji a kudancin Jamhuriyar Nijar, matuƙansa suka tsira. Jirgin da sai an kai shi wata nahiya kafin a yi masa babban gyara, kullum mai shi yana cikin hasara.

Kammalawa

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma aikin da aka yi wannan jirgi dominsa ke nan, sada ƙananan garuruwa da juna. Yau yawancin jiragen cikin gida Abuja da Ikko suke nufa, har wanda ke son zuwa wani gari na Arewa daga wani yakan ga gara ya bi mota. Bukatar da ta haifi F28 tana nan ba ta gushe ba, ko da yake shi ya gushe.

Saboda haka ina da jan hankali iri biyu. Ga ma'aikatan Gwamnati, duk ranar da takardar sayen wata na'ura ta zo teburinku, jirgi ne ko tarakta, ku tambayi wanda zai gyara ta, da inda za a sami kayan gyaranta bayan shekara 20, kafin ku tambayi kuɗinta. Ga ɗalibai kuwa, an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura a 2019. Ƙasar nan ta daɗe da sanin sayen jirage. Abin da take nema a wurinku shi ne injiniyoyi da masu tsara sufuri waɗanda za su iya riƙe abin da aka saya.