Kafin Ka Ƙara Wata Tunkiya: Inda Ɗan Kuɗin Mai Kiwo Ya Kamata Ya Fara Shiga

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara, bayan ta shafe kusan shekara goma a rufe. Motocin shanu suka dawo hanya, dillalai suka koma bakin sana'a, mutanen Kakangi da Randagi da sauran garuruwan da ɓarayin daji suka kwashe wa dukiya suka fara tunanin sake ɗaure wani abu a turke. Akasarinsu kuwa ba da miliyoyi za su fara ba. Wani buhunan masara ya sayar, wata ɗaukar adashi ta yi, wani ɗansa ne ya aiko masa da wani abu daga Kaduna. A ce naira 100,000, ko abin da bai kai haka ba, ko ya ɗara kaɗan. Me mai kiwo zai yi da ita ta fi yi masa amfani?

Amsar da zuciya ke fara kawowa ita ce a ƙaro dabba. Ba abin mamaki ba ne, domin da yawan kai ake auna arzikin makiyayi tun kaka da kakanni, kuma kuɗin da aka ajiye a gida kullum daraja yake rasawa. Sai dai duk wanda ya daɗe yana kiwo ya san cewa garke yana da ƙofofin asara guda uku da ba sa rufuwa da kansu: cuta, yunwar rani da ƙishirwa. A ƙasar Birnin Gwari akwai ta huɗu, wato sata. Wanda ya ƙara dabba alhali ƙofofin nan suna buɗe, ya ƙara wa asara abin ci ne kawai. Ƙaramin kuɗi ya fi yin aiki idan aka sa shi ya tsare abin da ke hannu, sannan abin da ke hannun ya hayayyafa.

Ƙofar da ta fi arha rufewa ita ce ta cuta. Annobar tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, tana iya share fiye da rabin garken da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan makonni, kuma ba ta da magani idan ta kama. Amma allura guda tana kare dabba shekara uku ko fiye. Ciwon huhu na shanu yana buƙatar allura duk shekara, haka ma harbin daji da ke kayar da matasan shanu masu ƙiba da damina. Annobar kaji da ke zuwa da hunturu ta bar akurki wayam, ita ma tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido duk wata uku zuwa huɗu, kuma akwai irin da ke jure zafi, wanda aka yi shi domin ƙauyukan da ba wutar lantarki. Duk waɗannan ana sarrafa su a nan gida, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta haura shekara ɗari tana wannan aiki. Wanda ke shakkar ƙarfin allura ya tambayi dattawan Fulani labarin bushiya, cutar da ta riƙa mayar da mai garke matalauci a dare ɗaya. Rigakafi ne ya kawar da ita, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya baki ɗaya a 2011.

Akwai abin lura guda biyu a nan. Kwalbar rigakafi takan ɗauki dabbobi 50 ko 100, kuma da zarar an haɗa ta sai a ƙarar da ita a lokacin, saboda haka mai awaki shida ba zai saya shi kaɗai ba. Unguwa ce za ta haɗu, a sa rana, a haɗa kuɗin man babur da ƙanƙarar da za a riƙo maganin a ciki, a ɗauko malamin dabbobi daga Birnin Gwari. Na biyu, allurar da ta sha rana a teburin mai talla ruwa ce kawai. Rigakafin da bai zo cikin sanyi ba, gara a bar shi.

Zama kusa da daji yana da nasa haraji. Dajin Kamuku da ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, da kurmin bakin rafuka, matattarar tsando ne da sauran ƙudaje masu cizo, su ne ke ɗauko sammore. Saniya za ta yi ta cin abinci tana ramewa, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe, ta yi ɓari. Saboda wannan cuta aka kafa cibiyar bincike ta musamman a Kaduna tun zamanin Turawa. Ga kuma ciwon hanta da dabba ke kwasowa a fadama, inda ƙananan katantanwa ke rainon tsutsar, ga kaska da ke buɗe wa kirci hanya da damina. Maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta, da maganin kaska a kan kari, kuɗinsu bai kai na ɗan akuya ba. Inda ake yin ɓarna shi ne wajen awo. Mutum zai kalli sa ya ƙiyasta nauyinsa da ido, ya raba maganin dabba ɗaya wa biyu don tsimi, cutar ba ta mutu ba, ta kuma saba da maganin. A sayi magani mai lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewarsa, a bar wanda ya san aikin ya faɗi adadi, a kuma kiyaye kwanakin da aka hana shan nono ko yanka bayan an yi allura. Araha ba ta ado, balle a kan abin da za a zuba wa dabba a jini.

Kaso mafi tsoka na kuɗin kuwa, abincin rani ya kamata ya ci. Ƙasar Birnin Gwari ba ta rasa ciyawa ba. Da damina gamba kan fi mutum tsawo. Matsalar ita ce daga Fabrairu zuwa saukar ruwa, lokacin da abin da ya saura ya bushe ya zama kara, gobarar daji ta lashe wani, wanda ya tsira kuma yana can cikin dajin da shigarsa kasada ce. Busasshiyar ciyawar bazara tana cika ciki ne kawai, sinadarin gina jiki da ke cikinta bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, alhali dabba tana buƙatar kusan kashi 7 kafin ma ta riƙe naman jikinta. Harawar wake da ta gyaɗa suna da sama da kashi 10. Shi ya sa saniyar da ta yi ƙiba da damina take zubar da ita da bazara, ta jinkirta ɗaukar ciki, maimakon haihuwa kusan duk shekara sai ta koma shekara biyu. Wannan asara ce da ba a ganin gawarta, amma maraƙi guda ne ya tafi.

Manomin Kakangi yana da abin da mai kiwon birni ke nema da kuɗi: masara, dawa, wake, gyaɗa da waken suya duk a gonarsa suke. Abin da ya rage shi ne tattali. Harawa a yanke ta da sauran kore, a shanya ta a inuwa, domin ganyen shi ne abincin, kuma shi ne ke kakkaɓewa idan ta ƙone a rana. A kafa rumfa mai tsawo da ƙafafun itace, a rufa mata tsohon kwano ko tamfol, a ɗora damman a sama inda gara da danshi da awaki ba za su kai ba. Dusa da ƙowa da ƙaiƙayi a saye su da kaka lokacin da suke a wulaƙance, kada a bari sai Maris lokacin da kowa ke nema. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye buhunan a kan katako, domin abincin da ya yi fumfuna guba ne ga dabba, yana kuma bin nono ya isa ga yara. Karan dawa da na masara idan aka watsa su a ƙasa, dabba ganyen take tsincewa ta tattake saura. Idan aka daddatsa su ƙanana, aka yayyafa ruwan gishiri ko kanwa, aka barbaɗa dusa, aka zuba a komi, kusan duka za ta cinye. Rabin ganga da aka tsaga biyu ya isa komi. Wanda zai sayi iri kuma, ya nemi irin wake da gyaɗa masu ba da ƙwaya da harawa tare, irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da sunayen SAMPEA da SAMNUT.

Jihar Kaduna ta taɓa ganin gwajin da ke da darasi a kan wannan. A shekarun 1980 masu bincike na cibiyar kiwon dabbobi ta ILCA sun yi aiki da Fulanin makiyayar Kachia, a Kurmin Biri, inda aka riƙa killace fili mai faɗin kadada huɗu ana shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a ajiye ta sai rani a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa su ci na 'yan sa'o'i. Shanun sun amfana, 'yan maruƙa sun fi rayuwa. Abin da ya kayar da da yawa daga cikin filayen shi ne tsadar waya da turaku, da gobara, da rashin tabbacin mallakar ƙasa. Mai ƙaramin ƙarfi ba sai ya kwaikwayi kadada huɗu ba. Ɗan fili bayan gida, a kewaye shi da shingen cindazugu ko aguwa waɗanda dabba ba ta ci kuma reshe kawai ake dasawa, a shuka wake mai yaɗo, a jera zogale a gefe, ya wadatar da tumaki masu jego. Gumi zai ci fiye da kuɗi.

Sai ruwa. Saniya takan sha lita 30 zuwa 40 a ranar zafi, mai shayarwa ta fi haka. Naira 100,000 ba za ta haƙa burtsatse ba, amma za ta yashe tsohuwar rijiya, ta ɗaure mata baki da siminti, ta gina kwamin sha a gefe. Ribar biyu ce: dabba ta daina shan ruwan kududdufin da ke ɗauke da tsutsar hanta, yaro kuma ya daina kora ta zuwa rafi mai nisa inda ake tare mutane. Makwancin dabbobi ma yana son ɗan gyara. Rufin da ba ya yoyo, da daɓen da aka ɗaga ya fi tsakar gida tudu, suna hana ruɓewar kofato da sanyin da ke kashe 'yan raguna da damina. Kashin da ake sharewa a tara wuri guda kuma taki ne, a lokacin da buhun takin zamani ya gagari talaka.

Batun sata shi ne ya bambanta lissafin Kakangi da na Kano ko Zariya. Sulhun da aka yi da ɓarayin daji ya kawo sauƙi, amma wanda ya ga shekarun baya ba zai ɗora duk abin da ya mallaka a kan ƙafa huɗu ba. Mutanen yankin ba su manta da 2021 ba, lokacin da gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako da safarar dabbobi, mai saniya ya rasa inda zai sayar da ita. Rijiya da rumfar harawa da shinge ba a kora su a shiga daji da su. Manyan shanu suna jawo ido, suna kuma tilasta fita kiwo nesa; tumaki da awaki da kaji suna rayuwa a cikin gida, tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki, jar akuya kuma ta saba da tagwaye. Su ne kuma dukiyar mata, masu fitar da kuɗin magani da na makaranta ba tare da an jira kaka ba. Wanda ke son juya kuɗi da sauri, turkar rago na wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Sallah ta fi masa, muddin ya tanadi abincin kafin ya sayi ragon.

Akwai abubuwan da ƙaramin kuɗi ya kamata ya kauce musu. Saniyar Turawa ko ruwa-biyu mai yawan nono tana da ban sha'awa, amma a bakin dajin da ke da tsando, ba tare da wadataccen abinci da likita a kusa ba, ba ta kai Bunaji ƙarko ba. Idan ana son gyara iri, rago ɗaya nagari ko bunsuru daga wani gari, wanda ba ɗan'uwan garken ba, ya isa, a dandaƙe sauran mazan a turke su. Kuma duk dabbar da aka sayo daga kara a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran, domin kasuwa mahaɗar cututtuka ce.

Idan za a raba naira 100,000 ɗin, shawarata ita ce kimanin kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ga rigakafi da maganin tsutsa da na kaska, rabi ga abincin rani da rumfar ajiye shi, kashi ɗaya cikin biyar ga ruwa da gyaran makwancin dabbobi, ragowar a riƙe saboda larurar dare. A sayi littafi na 'yan nairori a riƙa rubuta ranar allura, ranar haihuwa, abin da aka kashe da abin da aka sayar, ko da boko ko da ajami. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, kuma tallafin da ke fitowa daga gare ta ko daga jiha, galibi ƙungiyoyi masu rajista yakan bi. Masu kiwon unguwa guda da suka saba haɗa kuɗin kwalbar rigakafi sun riga sun kafa tushen irin wannan ƙungiya. Abin da ya rage musu shi ne su yi mata rajista, su ajiye ranar allura ta gaba kafin damina ta sauka.