Iskar Gas da Ruwan Fadama a Ƙasar Gobir

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna bakin gabas na kwarin Sakkwato, yankin duwatsun yashi da laka da ya miƙa har cikin Nijar da Mali. Kwarin yana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ke sa ran samun mai da iskar gas, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas ta kamfanin NNPC don bincike a irin waɗannan wurare. Tun da aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, maganar ta matso kusa.

Rijiyar gas kan yi zurfin kilomita biyu ko fiye, don haka dole ta ratsa ruwan da mutane ke sha. Ana zura mata bututun ƙarfe, a like bayansa da siminti. In simintin ya tsage, gas da ruwan gishiri su sami hanyar hawowa. A sama kuma injuna kan raba gas da ruwan da ya biyo shi, ruwa mai gishiri da guba wanda zubar da shi aiki ne babba. A fadamun Rima da Bunsuru da Gagare ruwa ba shi da nisa; manomin rani ya tona kaɗan ya dasa injin ban ruwa, ya shayar da albasarsa, makiyayi ma nan yake shayar da dabbobinsa. Duk abin da ya tsiyaya a nan ba zai jima ba ya shiga rijiya, wanda ya faɗa gulbi kuwa madatsar Goronyo ya nufa.

Neja Delta ta riga ta ɗanɗana. Tun 1984 aka haramta ƙona rarar gas ba tare da izini ba, amma har yau wutar tana ci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya sami sinadarin benzin, mai haddasa cutar daji, ya ninka ƙa'ida sau 900 a ruwan shan wata unguwa.

Dokar 1992 ta wajabta nazarin illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton kwanakin aiki 21 don jama'a su yi ƙorafi. Hukumar NUPRC ke sa ido kan haƙa, NOSDRA kuma kan malalar mai. Sai dai rahoton da Turanci yake zuwa, a ajiye shi a ofis, alhali ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin nan biyu sun watse saboda 'yan bindiga. Wanda ke gudun hijira ba ya zuwa taron jin ra'ayi. Ya kamata a karanta rahoton da Hausa a gaban hakimai da manoma, a kuma auna ruwan rijiyoyi tun kafin haƙa, domin in ba a yi ba, babu hujjar neman diyya daga baya.

Arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar filaye ta 1978 amfanin gona da gini take biyan diyyarsu, ba ƙasar kanta ba. Dokar man fetur ta 2021 ta tilasta wa kamfani zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar wurin. Amma in aka lalata kayan aiki, daga rabonsu za a cire kuɗin gyara. A yankin da ɗan bindiga ke cin karensa babu babbaka, wannan sharaɗi zai ɗora wa talaka biyan ɓarnar wanda ya kore shi daga gonarsa.